Battar Maganin Haƙori

Tanut, bayan girbi.

Zuwa ga Baban Rifkatu,

Gaisuwa, in gaisuwa tana isa inda kake. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba ka cika son karatu ba, in takarda ta zo sai ka miƙo mini ka ce idona ya fi naka. To, yau ni ce mai rubutawa, ni ce mai karantawa, kai kuma za ka yi abin da ba ka taɓa iyawa ba, wato ka yi shiru har in gama.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce na manta ladabi. Damina ta yi kyau bana. Ƙanenka ne ya noma gonar hanyar Falanko, ya kawo mana rabonmu na gero tun ban buɗe baki ba. Inna, mahaifiyarka, tana nan, ƙafa ta matsa mata, amma bakin lafiya lau. An buɗe iyaka tuni, shanu sun koma gangarawa Kudu kamar da. Kwanon da ka rufa wa ɗakin sujada bai yi yoyo ko sau ɗaya ba. Duk ranar da ruwa ya sauko muna cikin waƙa, sai wani dattijo ya ɗaga kai ya sa maka albarka. Ni ma nakan ɗaga kai in dubi kwanon, domin yanzu na san da me aka saye shi.

Rifkatu ta dawo wurina, mako uku ke nan. Ita ce dalilin wannan takarda, amma ba zan iya isa gare ta ba sai na bi ta kan haƙorin nan.

Ka tuna shi? Na can ciki, gefen hagu, na ƙasa. Cikin sanyin da ya biyo bayan babban fari ya fara. Shekarar ce shanun da kake kaiwa Ikko suka zube a kwarin Tarka, kowa ya talauce, maƙwabta suna layin dawar taimako. Kai kuwa ba ka daina tafiya ba. Ikko, Agadas, Ikko, Agadas, iyaka a rufe amma kana ratsawa ta daji, ka dawo da shinkafa da sukari da atamfa. Ka ce goro kake kaiwa Arewa. Ban tambaya ba, don ina ƙoshi ƴata tana ƙoshi, kuma ina jin daɗin a ce mijina mai dabara ne.

Na gwada wa haƙorin nan kanwa, na gwada kanumfari, har taba na cusa a kogonsa ni da ba na son ko warinta. Kwana goma kumatuna a kumbure, na ɗaure shi da kallabi. Ran nan na shiga rumbu ɗauko dami, sai hannuna ya taɓa gwangwani a ƙarƙashin geron, an naɗe shi da leda. Na buɗe, na ga farin gari kamar an daka farar kanwa an tankaɗe. Na fito da shi tsakar gida ina tambayarka mene ne. Ka miƙe da sauri har ka ture ƙwaryar fura. Daga nan ka yi dariya, dariyar nan taka da ke sa a sayi saniya mai tari a hannunka. Ka ce maganin haƙori ne na wani likitan Ikko, kana kai wa Turawan da ke ratso hamada da tsofaffin motoci suna sayarwa a Agadas. Ka ce ai ga mai ciwo a gida ka manta. Ka dangwala yatsa, ka ce in buɗe baki, ka shafa mini a dasashi.

Kafin ka gama share yatsanka a riga ciwon ya tafi. Na durƙusa a tsakar gidan nan na gode wa Allah da Ya ba ni miji irinka.

Me zai sa in yi shakka? Duk ƙasarmu ta Damargu farin gari muke sa wa haƙori. Kakata ta sa, uwata ta sa. Da ƙwaya ka ba ni ko allura, wataƙila da na tsaya na yi tunani. Ka san haka sarai, shi ya sa ka ce maganin haƙori ba ka ce na ciki ba.

Washegari ka ɗauko battar mahaifinka, wadda yake zuba tabar shaƙa kafin ya shiga bin Almasihu ya bar taba. Battar fata ta Agadas mai zanen ja. Ka cika mini ita, ka ce kada in gaya wa kowa, don ba shi da takarda, ƴan duwan masu binciken kaya a hanya za su ƙwace. Bayan mako biyu ka ce in an shaƙa ta hanci ya fi saurin kaiwa ga saiwar haƙori, ka nuna mini yadda ake yi. Ka iya sosai. Ko wannan bai sa na tambayi kaina ba, kai da haƙoranka suke lafiya, a ina ka koya?

Ai kuwa na zama jaruma. In ɗinka riga biyar a wuni, in yi daka, in yi wanki, in je zumuntar mata in fi kowa ɗaga murya. Yunwa ba ta kama ni, gajiya ba ta kama ni. Mata suna cewa Saratu ta samu lafiya, aure ya karɓe ta. Zanena kuwa yana ta ƙara zagaye ni, haƙorin yana can yana ruɓewa ba na ji.

Akwai wata rana da nake so ka tuna da kyau. Da bazara ne, bayan azahar, muna ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida. Rifkatu tana shekara bakwai, tana famfara, dasashinta ya kumbura tana kuka. Na ce ga magani a hannu, don me yarinya za ta wahala? Na buɗe batta, na dangwala yatsa, na ce ta buɗe baki. Ban ma ga shigowarka ba. Sai dai na ji ka bugi hannuna, bugun da ya karya mini warwaro, battar ta gangara cikin rairayi. Ka fizge yarinyar, ka kai ta bakin randa, ka wanke mata baki da sabulu har sau uku, alhali ko ƙwayar garin ba ta taɓa ta ba. Da ka gama, ka durƙusa kana tsince garin daga cikin rairayi da gefen takarda. Ka ce ya fi ƙarfin yara, shi ke nan.

Shekara goma sha biyu muna tare ba ka taɓa ɗaga mini hannu ba sai ran nan. Ka san abin da na yi? Na ba ka haƙuri. Har cikin raina na ji daɗi, na ce dubi yadda mutumin nan yake son ƴarsa.

Ba a yi shekara ba aka kawo ka a bayan kamyo, babbar motar kaya, daga kasuwar Gangara. An ce kana cikin cinikin bijimi da tsakar rana ka dafe ƙirji ka faɗi. Mutane suka ce Allah ba Ya barin nagari su daɗe. Fasto ya yi wa'azi a kan mai bayarwa da hannu biyu, yana nuna kwano. Kwana uku da binne ka wasu baƙi biyu suka zo gaisuwa, Hausarsu ba ta nan ba ce, suka tambaya ko ka bar wata ajiya. Na ce ba ka bar komai ba. Wannan ƙaryar tawa ce, ba zan ɗora maka ita ba. Na san inda gwangwanin yake, kuma a lokacin da in ba su shi gara in ba su gidan.

Cikin zaman makoki Inna ta shigo ɗaki ta same ni da battar a hannu. Ta gane ta, ai ta mijinta ce. Ta tambaya, na gaya mata maganinka ne, kai ka ba ni, kai kake cika mini. Ta dube ni ta fita. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Wata bakwai gwangwanin ya yi mini. Da shi na yi takaba, da shi na karɓi masu gaisuwa ina murmushi, ana yabon haƙurina. Ranar da na ga gindinsa na yanka shi da wuƙa na lashe. Abin da ya biyo baya ba na son rubuta shi, amma kai ya kamata ka ji. Na kwanta kwana huɗu ban iya ɗaga kai ba. Na ji kiyashi suna yawo a ƙarƙashin fatata, na yi ta susa har jini. Hancina yana haɓo ba dalili. In maƙwabta suka yi dariya sai in rantse da ni suke. Na tone rumbu har ƙasa, na farke katifarka, na fasa akwatinka. Daga nan na fara zuwa tasha, ni matar dattijon ikilisiya, ina bin direbobi ina kwatanta musu farin garin haƙori. Ba wanda ya san shi. Suka ce akwai dai ƙwayar hana barci da suke sha in za su yi doguwar tafiya. Ba ta kai naka ba, amma na karɓa. Keken ɗinkina ya tafi a kanta, tasoshin aurena suka bi shi.

Rifkatu ce ta koma dafa mana abinci, tana shekara tara. Wata safiya ina tasha, ta sauke tukunyar kunu ita kaɗai, ta kife mata a ƙafa. Maƙwabta ne suka kai ta dispanse, ɗakin magani na gari. Aka aika a kira ni, na ce ina zuwa, ban je ba sai da mai ƙwayar ya iso. Wannan ma nawa ne. Tabon yana nan daga idon sawu zuwa yatsu, kullum ina ganinsa.

Ran nan Inna ta zo ta ɗauke ta, ta haɗa da battar. Ta gaya wa mutane cewa a wurin direbobi na koyi wannan hali bayan mutuwarka, ta bar wa masu ji su ƙarasa sauran abin da mace ke yi da direbobi. Suka kuwa ƙarasa. Dattawa suka zauna, abokanka, suka sa ni horo: bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba waƙa da mata. Ban yi musu ba, ko jin su ma ban yi sosai ba.

Lidiya matar fasto ce kaɗai ta ce wannan ba na bencin baya ba ne, na asibiti ne. Ta saka ni a motar kasuwa zuwa Damagaram, ta riƙe zanena tun daga Tanut, don sau biyu ina neman dira. Na zage ta zagin da har yau in na tuna sai in rufe fuska.

Wata huɗu na yi a can. Makonnin farko ba na tuna su da kyau. An yi mini ƙarin ruwa, ana ba ni maganin barci, in farka in ci abinci kamar wadda ta dawo daga yunwa, in yi kuka in koma barci. Akwai wata ma'aikaciya, Zainabu, Musulma ce, ba abin da ya haɗa mu, amma takan zauna a bakin gadona ta riƙe mini hannu in abin ya taso. Ita ta koya mini cewa sha'awarsa kamar naƙuda take, takan zo ta murɗa ta kai ƙarshe sannan ta saki, aikina kawai in daure har ta saki. Na ce mata naƙuda ai tana ƙarewa da ɗa. Ta ce ni ma ina da ƴa tana jira.

Da na fara dawowa hankalina, likita ya riƙa kirana duk Talata. Saurayi ne daga Yamma, Hausarsa a karkace, amma yana da haƙurin saurare. Na kwatanta masa maganin haƙori tun daga launi har yadda yake kashe dasashi. Ya ajiye alƙalami. Ya ce wannan ba magani ba ne, hodar Iblis ce, Turawa suna ce mata koken. Ya yi mini bayanin yadda take kama mutum, da yadda takan tsayar da zuciyar ƙato lafiyayye yana tsaye a kan ƙafarsa. Bai san da kasuwar Gangara ba, ni ce na sani. Sannan ya tambaya ko akwai yara a gidan, ko wani ya taɓa sa musu. Na ce a'a, ai ubanta ya hana, har ya buge mini hannu.

Maganar tana fita daga bakina na ji ta.

Ka sani, Baban Rifkatu. Tun ranar rumbu ka sani. Mutum ba ya wanke bakin ƴarsa sau uku da sabulu a kan maganin haƙori. Ka san guba ce, ka tsare jininka daga gare ta, ni kuma ka shafa mini da yatsanka, ka cika mini batta, ka koya mini shaƙa. Don me? Don ka rufe mini baki? Ka san da na gane abin da ke cikin gwangwanin da na tafi wurin fasto ko zani ban gyara ba, amma wanda aka ci da shi ba ya tonawa. Ko kuwa kaɗaici ka ji a cikin ramin, ka ga gara mu zama biyu? Na juya wannan na juya wancan tsawon shekara da rabi. Na nemi wata hanya ta uku inda za a ce ba ka sani ba, na nema da gaske, don ina so in same ta. Warwaron nan da ya karye ya hana.

A mako na shida aka cire mini haƙorin. Ka san tsawon lokacin da aka ɗauka? Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba. Mai cirewar ya ɗora mini shi a tafin hannu, ɗan baƙin abu, duk ya ruɓe. Na zauna ina kallonsa ina dariya har aka kira Zainabu. Kullum mota tana tashi daga Tanut zuwa Damagaram. Kai kanka sau biyu a wata kake ratsa garin. Wuni ɗaya da kuɗin mota, da an gama.

Na dawo gida da ƙafata. Shekara ɗaya da wata bakwai ke nan ban sa komai a hanci ko a baki ba. Duk wata ina komawa ganin likita. Ba zan yi maka ƙarya in ce ya wuce ba, yana zuwa. In ya zo nakan zuba gero a turmi in yi ta daka har kafaɗa ta mutu, in bai saki ba in tafi gidan Lidiya in zauna, ba ta tambayata komai, sai ta miƙo mini wake in tsince. Ba na bi ta tasha, ko da zagayen zai kai ni bayan gari. Ɗinki nake yi da keken aro.

Shekara guda na yi a bencin baya. Ka san abin da ake gani daga can? Ƙeya. Duk Lahadi ina kallon ƙeyar Rifkatu a gefen Inna. Ina ganin kitson da aka ja mata da ƙarfi har goshi ya ɗaga, ina ganin wuyanta yana ƙara tsawo, ina ganin rigar da ta yi mata kaɗan ba wanda ya sauke kalmasa. Ba ta juyo ba ko sau ɗaya. An gaya mata wace ce uwarta, ƙafarta kuma ta shaida.

Ka san al'adarmu, kai ma ka tsayar da wasu. In horo ya cika sai mutum ya tashi gaban jama'a ya furta laifinsa da bakinsa kafin a karɓe shi. Fasto ya ce in faɗi yadda abin ya fara, don wasu su kiyaye. Na yi niyya, har na shirya maganata. Ran Juma'a da la'asar sai ga Inna da sandarta, karo na farko da ta taka gidan tun da ta ɗauki yarinyar. Na ba ta ruwa ba ta sha ba. Ta ce in na bar sunanka a kabari za ta maido mini da ƴata ran Litinin. In kuwa na ambace ka, za ta kai ta wurin danginku a Belbeji, ba zan sake ganin ko ƙeyar ba, kuma na san dangin uba ke da iko. Sai ta fashe da kuka, ta ce sunan nan shi kaɗai ya rage mata. Na so in ƙi ta, na kasa. Ita ma ɗanta take tsarewa, kamar yadda ka tsare taka. Duk gidanku kun iya tsare naku.

Ran Lahadi na tsaya ƙarƙashin kwanonka na ce na yi zunubi, ni na nema da ƙafata, ni na yar da ƴata. Ba ƙarya a ciki, sai dai na fara labarin daga tsakiya. Aka yi waƙa, mata suka rungume ni, aka kai ni bencin gaba. Wani dattijo ya yi addu'a, ya gode wa Allah da Ya ɗauke ka kafin ka ga wannan abin kunya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jama'a suka ce amin, ni ma na ce amin, don ina jiran Litinin.

Ta zo da ƙunshin kayanta a ka. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa. Tana shara, tana wanke-wanke, tana cin abinci kai a sunkuye, in na yi magana ta amsa da to. Ba ta ce mini Mama ba. Na ce ba komai, a hankali.

A rana ta tara na dawo daga famfo da tulu a ka, na hango ta zaune a bakin ƙofar ɗaki da wani abu a cinya. Battar ce. Inna ta ba ta, ta ce gadon ubanta ne. Wataƙila ta ɗauka ba komai a ciki, wataƙila har yau ba ta yarda abin da ya fito daga hannun ɗanta zai iya kisa ba. Yarinyar ta buɗe murfin tana kai ta hanci, tana neman ƙanshinka. Daga inda nake ina ganin fari-fari maƙale a lungun fatar. Zan gaya maka abin da ban gaya wa likita ba tukuna: abin da na fara ji ba tsoro ba ne, yawu ne ya cika mini baki. Sai bayan nan tulun ya faɗi, na ga kaina a kanta, na bugi hannunta, battar ta gangara cikin rairayi. A ƙarƙashin bedin nan dai.

Ban taɓa dukanta ba, ko a lokacin da nake cikin haukata. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce ashe gaskiya ne abin da ake faɗa, ba na son ganin komai na babanta. Ta shiga ɗaki ta fara ƙulle kayanta.

Me kake so in yi? In bar ta ta koma da wannan a ranta, ta girma tana ajiye batta irin wannan a ƙasan akwati, tana ganin duk abin da ya fito daga hannun mutumin kirki magani ne? Alkawarin da na yi wa Inna na gaban jama'a ne, ko da yake na san abin da take nufi ya wuce nan. Na san in maganar ta koma kunnenta, Belbeji ce. Amma abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, kuma duk duniya ba wanda ya yi kukan abin nan tare da ni kamar yarinyar nan. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ta zauna.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunanka ba. Ko a asibiti da ake cika takarda, Lidiya na sa ta faɗa. Ladabi ne, kuma da so nake yinsa. Ranar nan bakina ya fara furta shi. Na ce mata Iliya, ubanta, shi ya kawo abin nan gidanmu, shi ya fara sa mini, kuma ya san mene ne. Na gaya mata rumbu, na gaya mata haƙori, na gaya mata Gangara da kwano. Na gaya mata nawa laifin ban rage ba. Ban kuma ɓoye mata ranar bedi ba, na ce ka wanke mata baki sau uku, don wannan ma gaskiya ne kuma haƙƙinta ne. Ashe ta tuna. Ta tuna ɗacin sabulun da warwaron da ya karye. Ta ce duk shekarun nan tana zaton ita ce ta yi wani laifi ran nan.

Kwana uku tana ɗaki, amma ba ta ɗauki ƙunshin ba. Battar kuwa na kasa taɓa ta. Na kifa turmi a kanta na ɗora dutse. Kwana ukun nan ban yi daka ba, sai zagaye turmin nake yi kamar akuya a turke, kuma na san tana kallona ta tagar ɗaki. A rana ta huɗu da safe ta fito, ta ture dutsen, ta ɗauki battar da kara biyu ba ta taɓa ta da hannu ba, ta kai masai ta jefa. Ta dawo bakin randa ta wanke hannu da sabulu. Na ƙirga, sau uku. Sannan ta ɗauko tsinken kitso ta miƙo mini, ta zauna tsakanin gwiwoyina.

Ran Lahadi ta je gaishe da Inna, na wuni ina duban ƙofa. Ta dawo da ƙafarta kafin rana ta faɗi. Ban tambaye ta abin da suka yi magana ba. Har yanzu ba ta ce mini Mama ba, amma jiya ta ce tuwon ya yi gishiri, ta ɓata fuska, na ji kamar an yi mini kyauta.

Kada ka zaci na rubuto ne in ce na yafe. A sujada, in aka zo wurin da ake roƙon gafara gwargwadon yadda mu ma muke yafewa, nakan rufe bakina har a wuce. Allah Yana gani, ba zan yi maSa ƙarya ba. Wataƙila wata rana. Na so ka, abin haushin ke nan, har yau in na ji kamyo ya tsaya a ƙofar gida sai zuciyata ta tashi kafin hankalina ya zaunar da ita.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Ranar kitson, na kai tsakiyar kai, ba ta juyo ba, ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce tun da ka sani, me ya sa ni uwarta ba ka wanke mini baki ba.

Na ce mata ban sani ba. Na ce zan tambaye ka.

To, na tambaya. Ka kwanta inda Allah Ya ajiye ka, sunanka yana nan lafiya a bakin jama'a, kwanonka ba ya yoyo. Mu biyu ne muka sani, kuma gobe da safe za mu yi daka.

Sai mun haɗu a gaban Wanda ba a yi wa dariyar ciniki.

Ni ce uwar Rifkatu,
Saratu